Agogon da Bai Ga Kaka Tana Tafiya Ba

Laraba, mako na shida bayan aikin ƙugun Kaka

Zuwa ga Yaya Nas,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Yaya fama da marasa lafiya? Mu nan lafiya lau. Ɗinkin ƙugun Kaka ya kame, tana cin abinci, har ta koma yi min faɗa, wanda shi ne alamar sauƙi a wurinta.

Kin ce in riƙa kiranki in wani abu ya taso. Ni kuwa da na ji murya a kunnena sai duk abin da na shirya ya gudu, in tsaya ina "eh, to, eh". Shi ya sa na ɗauko takarda. Direban da ke kawo wa mai kemis kaya daga garinku Laraba da Asabar ya ce zai riƙa ajiye miki a ƙofar asibiti. Na san sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa, amma Kaka ta ce jikar wanta ba baƙuwa ba ce.

Maganar agogon nan ce da kika ba Kawu Injiniya shawara ya saya, mai ƙirga taku. Yana hannun Kaka na hagu dare da rana, ƙaramar wayar da ke kan teburinta kuma tana aika wa Kawu lambar kullum. Shekaranjiya ya kira ya ce sati biyu ke nan lambar ba ta wuce ɗari uku ba. Ya ce in mako na goma ya cika Kaka ba ta kai taku dubu ɗaya da ɗari biyar a rana ba, zai zo ya ɗauke ta, ta koma gidansa inda za a sa mata ido.

Yaya, kin san gidan Kawu. Bene ne, hawa na huɗu. A nan Kaka tana da itacen lemon da marigayi Kakanmu ya dasa, da kujerarsa a ƙarƙashi, da maƙwabtan da ke leƙo ta kafin su tafi aiki. Da ya ajiye wayar ba ta yi kuka ba. Ta dai kalli tsakar gida, sannan ta ce min, "Ƙawata, za a rataye ni a sama kamar wanki."

Abin da ya dame ni shi ne Kaka tana tafiya. Da idona nake gani. Safe da yamma tana zagaya tsakar gida, wani lokaci har bakin ƙofa. Ta gaya wa Kawu, ya ce, "Inna, lamba ba ta ƙarya." Ya ce a ba ni wayar. Na karɓa, na ce "eh, to", na mayar.

Ko agogo na iya yin kuskure? Ke kika san su.

Ƙanwarki,
Shiru

*

Asabar

Shiru ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai 'yan biyu da mura ta zagaya. Na ji daɗin wasiƙarki. Ashe bakin naki a alƙalami yake.

Ki kwantar da hankalinki, amma ki saurare ni. Irin agogon nan muna sa wa mutane da yawa a sashenmu. Yakan ƙara kaɗan ko ya rage kaɗan, amma ban taɓa ganin ya mayar da dubu ta koma ɗari uku ba. Kaka kuwa na san ta tun kafin a haife ki. Ta iya baki. Za ta je bayi ta dawo ta ce miki ta zagaya gari.

Ba don mugunta Kawu yake wannan ba. Wanda aka yi wa aikin ƙugu, in ya kwanta ya ƙi motsi, ƙafar sanƙarewa take yi, jini kuma na iya daskarewa a jijiya. Na ga waɗanda suka bar asibiti da ƙafarsu, bayan wata uku aka dawo da su a kujera. Shi yana nesa, lambar nan ita kaɗai ce idonsa.

Ki tabbatar maɗaurin bai yi sako-sako ba, kuma ki riƙa yi masa caji. Tana riƙe sandarta a hannun dama kamar yadda aka nuna mata? Ki ajiye littattafan soyayyar nan na awa ɗaya, ki tasa ta gaba. In lambar ta hau, ni da kaina zan tare Kawu.

Ki gaishe min da ita, ki ce mata kar ta ba ni kunya.

Yayarki

*

Laraba, mako na bakwai

Yaya Nas,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ba 'yan biyu lafiya. Kaka ta yi zazzaɓi kwana ɗaya, amma ya sauka.

Littattafan ban ajiye su ba, sai ma aiki da na samar musu. Yanzu duk inda Kaka ta sa ƙafa ina bayanta da littafi da fensir. Duk taku goma sai in ja layi ɗaya a cikin bangon baya. Wanda nake karantawa yanzu, jarumar tana jiran wasiƙa tun babi na huɗu, to ga ta nan ta samu layuka.

Ran Lahadi Kaka ta ce za ta je kemis da kanta, wanda ke kan kwanar titinmu. Muka tafi a hankali. Ta huta a gaban shagon tela, ta huta a gaban mai walda, ta zauna a bencin mai kemis ta yi masa tsiya a kan tsadar magani, muka dawo. Layukana sun ba ni taku ɗari takwas da ashirin. Agogo ya ce ɗari da talatin.

Ran Litinin zazzaɓin ya kwantar da ita, aka kuma ɗauke wuta tun safe. Ko bakin ƙofar ɗaki ba ta je ba. Da yamma sai ga kiran Kawu, yana ta murna. Wai taku dubu huɗu. "Inna, haka nake so." Kaka ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce masa, "Ai ka san uwarka."

Na zauna ina ta tunani, sai na tuna abin da ta wuni tana yi. Yaya, ina jin na gano abin da ke sa lambar ta hau, kuma ba sai Kaka ta tashi daga gado ba. Zan gwada kwana uku in tabbatar. Ga direba can yana ta hon, sauran bayani sai wani jiƙon.

Shiru

*

Laraba, mako na takwas

Yaya,

Lafiya dai ko? Ran Asabar na tsaya a gaban kemis har direba ya gama sauke kwalaye. Ya juye aljihunsa ya nuna min babu komai. Na ce ko aiki ne ya yi miki yawa. Kawu ma ya daina kira da yamma, ran Litinin kawai ya kira, ya tambayi magani, ya ajiye.

In wani abu na rubuta wanda bai dace ba, ki yi haƙuri ki gaya min. A littattafai in aka yi shiru irin wannan, to wani ya ɓoye wasiƙar ne. Na san a zahiri yawanci fushi ne.

Gwajin ya yi. Ina da abin nuna miki.

Shiru

*

Asabar

Shiru,

Muna lafiya. Wasiƙunki biyu duk sun iso. Ban amsa ta farko ba don na rasa ta inda zan fara.

Kin rubuta cewa kin gano yadda lamba za ta hau ba tare da Kaka ta tashi daga gado ba. Bayan nan kwana uku a jere wayar Kawu ta nuna dubu biyar, dubu shida, dubu biyar da ɗari biyu. Matar da ba ta wuce ɗari uku ba. Kawu ya zo asibiti da fara'arsa ya nuna min, ni kuma wasiƙarki tana cikin jakata. Ban iya yi masa shiru ba. Na ba shi ya karanta.

Na san son Kaka ne ya sa ki. Amma ko ke kike ɗaura agogon, ko girgiza shi kike yi, ki sani ba Kawu kike ruɗa ba, ƙafar Kaka kike cuta. Ni na tsaya miki a gabansa, na ce yarinyar nan ba ta ƙarya.

Ya ce ba zai jira mako na goma ba. Asabar mai zuwa zai taho da mota da akwati. Ki fara haɗa mata magungunanta da takardun asibiti.

Kin ce kina da abin nuna min. Ina saurare, amma wannan karon ki rubuta duka, ko da direba zai fasa hon ɗinsa.

Yayarki

*

Laraba, mako na tara

Yaya Nas,

Na gaishe ki. Kaka lafiya. Na karanta wasiƙarki sau uku a bayan itacen lemo. Da farko na ji haushi. Daga baya na tuna layin da na rubuta, na ga in ni ce ke, abin da zan ɗauka ke nan. Laifin gaggawata ne. Amma ban ruɗi kowa ba, kuma yau na fara rubutu tun direba bai iso ba.

Ranar zazzaɓi da aka ɗauke wuta, Kaka wuni ta yi tana fifita da mafici, da hannun hagu, hannun agogo. Shi ne dubu huɗun da Kawu ya yi wa murna. Kwana ukun da suka biyo bayan wasiƙata gwadawa nake yi. Na sa ta fifita minti goma ina kallon lamba tana gudu kamar mitar wuta. Na sa ta taje min kai, lamba ta hau. Ta yi saƙa, ta hau kaɗan. Wautata ita ce na manta ƙaramar wayar tana kai wa Kawu rahoton komai. Agogon nan ba ƙafa yake gani ba, Yaya, lilon hannu yake ji.

Saura dalilin da ya sa ba ya ganin tafiyarta. Kin tambaye ni sanda, na tsallake tambayar da gangan, don Kaka ta sa na yi mata alkawari. Ba ta riƙe sanda. Kwana huɗu da dawowarta daga asibiti sandar ta zame mata a kan tayil, saura kaɗan ta faɗi, daga nan ta ƙi tashi sam. Sai mai walda maƙwabcinmu ya ƙera mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da ƙananan taya biyu a gaba. Tana kiransa motarta. Da shi take duk tafiyar nan, hannayenta biyu a damƙe a kansa, ba sa motsi ko kaɗan. Ta hana a gaya wa Kawu, wai in ya ji ta koma ƙafa shida zai ce ta gama yawo.

Jiya na ce mata zan rubuta miki. Ban taɓa yi mata musu ba, har muryata ta ba ni mamaki. Sai ta ce, "To rubuta. Amma ki faɗa mata mai taya ce, kar ta zaci irin ta tsofaffi ce."

Na kuma gwada ɗaura agogon a ƙafa, sama da idon sawu. Nan aka yi daru. "Ni kaza ce da za a sa min alama a ƙafa? Ɗana ya saya min agogo in sa shi inda ake sa takalmi?" Sai da na rufe shi da safa, na kuma yi alkawarin karanta mata babi biyu, don ita ma yanzu tana son ta ji ko wasiƙar jarumar za ta zo.

Sau uku muka je kemis muka dawo. Da agogo a hannu, ni na ƙirga ɗari takwas da goma, shi ya ce ɗari da hamsin. Da shi a ƙafa, na ƙirga ɗari takwas da talatin, ya ce ɗari bakwai da casa'in. Na uku ma a ƙafa, na samu ɗari takwas daidai, ya ce ɗari bakwai da saba'in. A ƙafar ma yana cin wasu, musamman in ta ja ƙafa wajen juyawa, amma aƙalla ya san ta fita.

Ga abin da ba na son rubutawa. In na haɗa layukana na wuni guda, Kaka tana yin wajen dubu ɗaya da ɗari biyu. Bai kai na Kawu ba. Da mafici zan iya ba shi dubu goma gobe, amma dubu da ɗari biyun ita ce tata.

Na yago bangon littafin na sa miki a ciki, ki ga layukan da ranakunsu. Ki adana min shi, ban taɓa yaga littafi ba.

Shiru

*

Asabar, da sassafe

Shiru ƙanwata,

Ki yafe min. Kunya ta kama ni a gaban bangon littafinki. Abin da kika gano mun san shi a sashenmu, mai tura ƙarfe ko keken jariri ba a dogara da agogon hannunsa. Ni ce na ɗauka sanda take riƙewa, na gina komai a kan haka, na kuma yanke miki hukunci da layi ɗaya.

Na kai wa Kawu. Ya karanta, ya juya bangon gaba da baya, ya ce ƙirgen fensir ba awo ba ne, kuma maganar ƙarfen ta fi tayar masa da hankali. Na gaya masa ƙarfe ba koma baya ba ne, wanda ke tafiya da ƙarfe ya fi wanda ke zaune da sanda. Bai sauya ra'ayi ba. Yana nan tafe yau da rana, da akwatin.

Ba zan iya zuwa ba, ina aiki. Ke ce a wurin. In ya tambaye ki, kar ki ce "eh, to". Ki faɗa masa abin da kika faɗa min. Ga bangonki na dawo miki da shi.

Yayarki

*

Lahadi

Yaya Nas,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki sumbaci 'yan biyu. Ki zauna sosai, don yau ma duka zan rubuta.

Da na karanta wa Kaka wasiƙarki, sai ta ce in ciro agogon daga safa in mayar mata a hannu. Ta sa mayafinta mai kyau, ta kama motarta, muka tafi kemis. Ta zauna a benci tana fuskantar hanyar da Kawu zai ɓullo.

Wajen ƙarfe biyu sai ga motarsa. Har ya wuce, ya taka birki, ya dawo da baya. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ta, amma idonsa na kan ƙarfen.

"Inna, me kike yi a titi? Wa ya kawo ki?"

"Duba wayarka ta gaya maka. Taku nawa na yi yau?"

Ya duba. "Tamanin da shida."

"To ka ga, ashe tashi sama na yi."

Mai kemis ya sunkuya bayan teburinsa yana tari. Kawu bai yi dariya ba. Ya kwance agogon daga hannunta ya ɗaura a nasa, ya kama ƙarfen, ya ce min, "Ke, biyo ni da fensirinki." Yaya, da kin gani. Kawu Injiniya da takalminsa mai sheƙi, yana tura motar Kaka a tsakiyar titinmu, yana ƙananan taku irin nata, yana ƙirgawa a fili. Tela ya bar kekensa ya fito. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Injiniya, a hankali da kwana, ba ta da birki."

A ƙofar gida ya tsaya. Shi ya ƙirga ɗari huɗu da shida, ni ɗari huɗu da biyar. Agogo ya ƙara sittin da ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa kamar abokin da ya ci amanarsa. Sai ya tsuguna, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura shi a ƙafa, muka koma. Wannan karon ɗari uku da casa'in.

Da muka dawo da Kaka gida, ya zauna a kujerar marigayi, ya kira ni. Na je na durƙusa a gabansa.

"Tsakaninki da Allah, nawa take yi a wuni?"

Na ji "eh, to" ta taso har maƙogwarona. Na haɗiye ta. Na ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyu, Kawu. Bai kai ba. Amma ranar da na fara ƙirge ɗari tara ne. Kuma a hawa na huɗu babu kemis ɗin da za ta je ta yi wa tsiya."

Ban san daga ina ta ƙarshen ta fito ba. Kaka ta ce, "Ka ji ƙawata."

Kawu ya karɓi bangon littafin ya bi layukan da yatsa. Ya ce mai son ruɗinsa ba zai kawo masa lambar da ba ta kai ba. Ya ce Kaka ta zauna a gidanta. Agogo a ƙafa, ni kuma in ci gaba da ƙirge ranar Lahadi don a riƙa duba shi, in tura masa ta hannun direba. Ya ce ke za ki faɗi lambar da ta dace da mai ƙarfe, ba shi ba. Kafin ya tafi ya shiga wurin mai walda, suka yi rabin awa suna gardama a kan roba da za a sa wa ƙafafun baya.

Kaka ta kafa nata sharaɗin: in baƙi suka zo, a ja safa sosai.

Akwatin da ya kawo don kayanta kuwa, ta sa ni na hau kujera na cika shi da lemo. Rabi na Kawu ne, rabi naki. Ki je ki karɓa da wuri, ta ce ba ta yarda da ƙirgensa ba.

Ƙanwarki,
Shiru